Jinkirin Awa Uku

Ƙarfe tara da minti goma kwalaben suka koma kore gaba ɗaya. Huseina ta doki tebur har tafinta ya yi zafi.

Bai kamata su yi kore ba sai sha biyu ta wuce. Ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinsu suna magana da juna ta wani sinadari da suke fitarwa, in ya taru sai su amsa a tare, su koma kore. Aikin digirinta na uku shi ne ta gyara musu halitta su riƙa jinkirta amsar da awa uku. Shekara biyu suna yi mata biyayya. Yanzu saura kwana tara ta kare aikin, farfesan da zai zo daga waje ya ce sai ya ga gwajin da idonsa, ga su kuma suna amsawa nan take kamar 'yan amshin shata.

Ta san lokacin da abin ya fara. Washegarin korar Malam Rabe ne, dattijon da ke wanke kwalabe a ɗakin gwajin. Ita ta kama shi da sassafe yana kurɓar shayi kusa da kayanta, ɗakin duk ya gume da ƙamshi. Ita ta rubuta takardar ƙara, ta bi ta ofis-ofis har aka sallame shi. Tsoho da furfura, a ce bai san dokar hana ci da sha a ɗakin gwaji ba!

Ta sake sinadarai, ta ɗauko sabon irin bakteriyar daga firiza, ta wanke kwalabenta da hannunta har sau uku. A banza. Ranta ya gama ɓaci, ta tabbata kafin ya miƙa makulli ya zuba mata wani mugun abu.

Ta hau ɗan acaɓa daga Dutsin-Ma har Ɗantutture, tana tsara baƙaƙen maganganu a hanya. Ta same shi a ƙofar gida, buta a kan garwashi. Sallamar ma a daƙile ta yi ta.

"Malam Rabe, ka ji tsoron Allah. Me ka zuba mini a aiki?"

"Haba Malama! Wallahi ban taɓa maki komi ba." Ya tsiyaya shayi ya miƙo mata. Ko kallon kofin ba ta yi ba, amma ƙamshin ya daki hancinta.

"Laifina guda ne, shi ma ki yafe mani tunda an riga an kore ni," in ji shi. "Babbar kwalbar nan taki mai dogon wuya, wadda kike haɗa ma ƙwayoyin naki abinci ciki, ita kaɗai ke zama daidai bisa hita, murhun lantarkin nan. Shekara biyu cikinta nike dafa shayina, kanumfari cike da hannu, in ɗan ɗauraye in aje maki."

Huseina ta nemi dakali ta zauna. Ita ce ke koya wa ɗalibai cewa kanumfari yana rage wa bakteriya saurin jin juna. Ashe duk shekara biyun nan gyaran da ta yi bai taɓa jinkirta komai ba, aikin shayin Malam Rabe ne.