Ƙwan Zabi da Man Kaɗanya

Masu binciken asalin rai sun ce ƙwayar halitta ta farko ba ta rayu ba sai da ta samu siririyar fata ta killace ta, amma fatar da ke barin abinci ya shiga, datti ya fita. In maganar ta yi miki nauyi, Yaya, ga misali.

An yi wata mata da ta gaji farar zabuwa daga mahaifiyarta. Rannan muzuru ya yi awon gaba da zabuwar, ya bar mata ƙwai a cikin ciyawa, su kaɗai ne sauran irin. Ta kwaso su ta sa wa kaza. Tun daga ranar zama ya gagare ta. Ta ɗora tukunya, ta leƙa akurki. Ta sallame salla, ta leƙa akurki. Kaza na kallonta a karkace, matar kuwa kamar ta ce mata ɗaga in kwanta da kaina. Ga damina, ga laima, ga ƙuma. Sai ƙwai ɗaya ya tsage, danshi ya shige shi, ya ruɓe. Shi ke nan hankalinta ya tashi: ashe ta ɓawo ɓarna ke shiga! Ta ɗebo man kaɗanya ta mulke sauran tas, har suna sheƙi kamar goshin amarya. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ke 'yar nan, biki za ki kai su? Ƙwai fa numfashi yake yi." Ta ce, "To, Iya." Tsohuwa na juya baya, matar ta maƙale murya ta kwaikwaye ta: "Numfashi yake yiii! Sai ka ce an ga hancinsa." Ta ƙara lafta musu wani man.

Kwanakin ƙyanƙyasa suka cika, suka wuce. Ta kara ƙwai a kunne, shiru. Ta koma ɗaki, ta fito, ta sake karawa, shiru. Kaza ta gaji, ta tashi ta kakkaɓe fuka-fukai, ta kama kiwonta. Da matar ta yi ta maza ta fasa ɗaya, sai ga ɗan zabo ya haɗu, har da baki da 'yan ƙafafu, ya mutu a dunƙule. Ta fasa na biyu, haka. Laima ba ta kai gare su ba, ƙuma bai kai gare su ba, iska ma haka. Ta zauna dirshan a bakin akurki, ɓawo a hannu, ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.