Koren Ruwan Kamfani

Shekara talatin Tanimu yana kamun kifi a bakin teku, tun da ya baro Yawuri. A da ruwan kore ne, cike da ƙananan tsirran da kifi ke ci. Yanzu ya yi garau, har yashin ƙasa ake gani, kuma babu ko tarwaɗa ɗaya da za a ce an yi kuskuren kamawa. Koren ya rage ne kawai cikin shingen kamfanin da ke zuba wa teku taki, kifi duk ya koma can.

Da hantsi ya tuƙa kwalekwalensa zuwa shingen, riƙe da jarka.

"Ɗan nan, cika mini wannan in zuba a wajenmu, ko iri ya kama," ya ce wa mai gadi.

"Baba, ruwan nan ba a ɗibarsa. Doka ce."

Tanimu ya dubi kifin da ke ta tsalle a ciki, sai ya saki jiki ya faɗa da gangan. Dabararsa ita ce ya koma gida ya matse koren ruwan da rigarsa ta sha a bokiti. Masu gadi suka tsamo shi, suka sa tiyo suka wanke shi tas, har gemu, kafin su sake shi.

A gida ya tarar matarsa Ladingo ta hura wutar banda.

"Malam, an dace?"

"Sun dai yi mini wanka," ya ce. "Kashe wutar, kada icen ya ƙone a banza."