Alayyahon Gida

Tun da aka raba wa kowane gida kwanon gwaji, mai yin ja idan ganye na ɗauke da maganin feshi, Tasalla ba ta taɓa gwada kayan lambun yayanta Ilu ba. Wa ke gwada ɗan'uwa?

Yau tana saurin yi wa mijinta miyar da za ta kai masa asibitin ƙoda, sai ta wanke alayyahon Ilu a kwanon bisa kuskure. Kwanon ya yi jawur.

Ta iske Ilu a fadama. Bayan shinge ga wani ɗan fangali, tsutsa duk ta huda ganyensa.

"Yaya, wancan fa?"

Ya kau da kai. "Ba na fesa masa. Na gida ne."

Ta dire kwanon a gabansa. "Ashe duk shekarun nan ni kasuwa ce."