Wutar Alhaji Yakuba

Tun hantsi aka ɗauke wuta a Damagaram, firigon gidan Alhaji Yakuba ya fara zubar da ruwa, ga naman rago guda a ciki.

Mahamud, mijin 'yarsa da ya zo gaisuwa, ya durƙusa ya ce, "Baba, motata ta lantarki ce. Yadda take shan wuta haka take bayarwa. In haɗa ta da gidan?"

Alhaji Yakuba ya kau da kai. Shekararsa saba'in bai taɓa karɓar ko goro a hannun suruki ba.

"Bar naman ya ruɓe," in ji shi.

Da azahar nama ya fara sauya ƙamshi. 'Yarsa Raudatu ta matso ta ce a hankali, "Baba, ai kwana ukun nan a bangon zaurenka motar take shan wuta."

Tsoho ya miƙe tsaye.

"Wutata ce a cikinta?"

"Taka ce."

Ya sa aka kira Mahamud. "Ka maido mini da abina. Duka."

"Baba, a ɗan rage wadda za ta kai ni gida."

"Na ce duka."

Firigo ya tashi, fanka ta juya, Alhaji ya sa aka kunna har fitilar bayan gida da rana tsaka. Nama ya tsira.

Washegari mota ta ƙi motsi, wuta kuma ba ta dawo ba. Mahamud ya ƙara kwana biyar a gidan. Shi ya cinye ragon.