Kunne a Cikin Buhu

"Riƙe shi, Baba," in ji Madam Perpetua, likitar dabbobi.

Gobe Alhaji Maharazu zai dawo daga Umara. Ya ce in ya tarar kunnen karensa yana wari, aikin gadina ya ƙare. Wai fumfuna ce ta tsiro a ciki, irin ta kwanannen burodi.

Kwana goma ina ɗiga magani. Don kada yawu ya taɓa rigar sallata, nakan jefa kilishi, in kifa wa karen buhu mai huda, kunnen kaɗai ya leƙo.

"Kunne tas," in ji ta.

Na yi hamdala. Ta janye buhun, ta dubi karen.

"Baba, wannan na maƙwabcinku Gregory ne. Naku ga shi can ƙarƙashin mota yana susa."