Gudun da Ya Buɗe Hancin Meshak

"Tsaya, ɓarawo!"

Meshak ya bi maƙwabcinsa Andrawus a guje, adda a hannu. Bunsurun Meshak ne ya ɓace, kuma ya rantse Andrawus ne ya yanka shi.

Andrawus ya taka kekensa ya bar shi a tsakiyar gonakin citta. Ya waiwayo ya ce, "Je ka shinshina gidana mana, in kana da hanci."

Maganar ta soke shi. Duk Kwoi an san tun da Meshak ya dawo daga yaƙin Biyafara hancinsa a toshe yake, ko ƙaurin tuwo ba ya ji.

Ya juyo gida yana haki, ya jiƙe sharkaf da gumi. A hanya sai ya ji hancin ya saki. Gudun ya buɗe shi. Ƙamshin ɗanyar citta ya doke shi, sai hayaƙi, sai wani wari da ya sani sarai: naman bunsuru a wuta.

Ya gyara riƙon adda ya bi warin. Warin ya wuce ƙofar Andrawus, ya kai shi har madafin gidansa.

Matarsa Scholastica tana juya miya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maman Lucy, naman me nake ci tun ranar Lahadi?"

"Na wanda ya cinye mini zanen Zumuntar Matan coci. Har ƙari ka nema." Ta tura masa kwano da ƙafa. "Wa ya aike ka gudu?"