Tsohuwar Jif, Sabon Inji

A tsakiyar hawan da ke kaiwa gidan mahaifiyarsu jif ɗin Auta ta yi tari, ta yi jijjiga, ta mutu. Bai gama yi mata tsaki ba sai ga jif ɗin Yayansa ta zo ta wuce tana gurnani, har da ɗan hon na gaisuwa. Hon ɗin nan ya fi mutuwar motar ƙona masa rai.

Motocin biyu na marigayi mahaifinsu ne. Manya ne, ƙirarsu ɗaya, tsufansu ɗaya, kowacce sai ta kwashe iyali guda da kayansu. Da aka zo rabo kowa ya ɗauki ɗaya, amma tun ranar Auta ya sa a ransa cewa Yaya ya zaɓe mai lafiyar, ya bar masa mai tarin. A hankali gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu ta bayan gilashi. Idan suka haɗu a gidan tsohuwar, wannan yana falo, wancan yana tsakar gida, ita kuma tana kai da kawowa tsakaninsu da ciwon gwiwarta.

Auta ya yi 'yan kwanaki yana lallaɓa motar. Ya zuba ruwa a lagireto, ya goge kan batir, ya yi mata magiya. Da abin ya ƙi, ya sa aka ja ta zuwa garejin Kawu, ƙanin mahaifiyarsu, wanda ya tsufa a ƙarƙashin motoci.

"Kawu, a cire injin nan a jefar. Ina son wanda zai sa Yaya ya riƙa hango bayana kawai."

Kawu ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana kallonsa. "Wanda ya fi na Yayanka ban da shi. Irinsa sak dai zan samo maka. Sharaɗina ɗaya, kada ka leƙo nan sai na kira ka. Ba na son mai mota a kaina."

Makon ya yi wa Auta tsawo. Ya koma hawa bas, gwiwoyinsa na gogar kujerar gaba. Abu ɗaya ne ya sanyaya masa rai: matarsa ta ce ta ga matar Yaya tana kai yara makaranta a tasi.

"Ashe mai lafiyar ma tana kwanciya," in ji shi, ya ƙara loma.

Ranar da Kawu ya kira, ko takalmi bai ɗaura da kyau ba ya iso. Aka ɗaga bonet. Ga inji nan an wanke shi tas, an fesa masa fenti ruwan azurfa, sababbin fulogi, sabon bel. Auta ya murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya da wani gurnani da ya sani sarai, irin wanda ya daɗe yana jin haushinsa a motar wani. Ya shafa sitiyari kamar kan jariri.

"Tsohon fa, Kawu?"

"Ya sami mai so."

"Allah ya ba shi haƙuri," Auta ya ce yana dariya. Ya sa hannu a aljihu zai biya, Kawu ya galla masa harara, ya fasa.

Ranar hutu ya kwashi iyalinsa sai gidan tsohuwa. A gindin hawan ya tarar da jif ɗin Yaya, kamar jiransa take. Suka dubi juna ta gilashi, suka taka totur a tare. Yara na ihu a baya, matan na salati, motocin suka haura kafaɗa da kafaɗa. A ƙofar gida Yaya ya riga shi tsayawa, da abin da bai fi tsawon hannu ba.

Auta ya diro a fusace. Yaya ya fito yana murmushi, ya ɗaga bonet ɗinsa. Shi ma nasa injin sai sheƙi yake, ruwan azurfa.

"Kawu ne ya sa mini. Wancan ya ishe ni da shan mai da hayaniya."

Auta ya sunkuya ya kasa kunne. Injin Yaya na aiki a hankali, lumui, kamar kyanwa tana barci. Ya waiwayi nasa, ya ji gurnanin da ya yi ta yabo a hanya ya koma masa kamar injin niƙa. Zuciyarsa ta karye.

"Har Kawu ma? Kullum kai ake ba mai kyaun."

"Mai kyau ina? Ni naka nake ta saurare tun ƙasa. Wannan ai namijin inji ne. Nawa ko kaza ba ta matsa masa."

Kowa ya tsaya kallon cikin motar ɗan'uwansa yana haɗiyar yawu.

"Yaya, mu yi musanya mana."

"Da gaske kake, Auta? Kawo hannu!"

Tsohuwa, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ga hannun 'ya'yanta a haɗe, ta share ido da gefen mayafi. Su kuwa suka nufi inuwar da Kawu, wanda shi ma ya zo gaishe ta, ke zaune yana kurɓar shayi, suna rige-rigen yi masa bayani: a ciro na wannan a sa wa wancan, aikin ai ba zai yi masa wuya ba.

Kawu ya ajiye kofin, ya dafe ƙugunsa da har yanzu bai daina ciwo ba. Wuya kam babu, tunda musanyar da ya yi musu ke nan makon jiya ba su sani ba.